Wane fim ne ke nuna horon kurtu da zaman jiran soja?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masana fim. Autanmu ya gama horon kuratan soja bara, yanzu watansa bakwai a wani ƙauye da aka tura su. Duk ranar da ya samu sabis ya kira, in na ce ya aiki, sai ya ce, "Yaya, muna nan zaune." Na ɗauka ɓoye mana yake yi don kada hankalin Inna ya tashi. Shekaranjiya sai yake gaya min ya ƙirga buhunan yashin da ke gaban wurin gadinsa har ya san wanda ya yage, kuma babu abin da ke cinsa kamar yadda rana ba ta tafiya. Na kasa barci a daren. Ni duk fim ɗin yaƙin da na taɓa gani ruwan wuta ne tun daga farko har ƙarshe. Don Allah akwai wanda ke nuna horon da ake ba su da irin wannan zaman? So nake in fahimci yaron nan, in san abin da zan riƙa ce masa.

Auwal Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare shi ya dawo da shi lafiya. Anti, fara da Jarhead na 2005, wanda Sam Mendes ya ba da umarni. Daga littafin wani tsohon soja aka ɗauko shi, Anthony Swofford, wanda ya je yaƙin Tekun Fasha. Iraƙi ta mamaye Kuwait ranar 2 ga Agustan 1990, aka kwaso su aka jibge a hamadar Saudiyya, suka yi wata da watanni ba su ga abokin gaba ba. Aikinsu shan ruwa bisa umarni, goge bindiga, haƙa rami, cike ramin, sake goge bindigar, da jiran wasiƙa daga gida. Da aka fara yaƙin ƙasa a ƙarshen Fabrairun 1991, cikin sa'o'i 100 aka gama, don jiragen sama sun riga sun yi aikin. Shi Swofford kuwa an horar da shi a matsayin gwanin harbi daga nesa, ya dawo gida bai harbi kowa ba.

Auwal Fagge: Akwai wurin da ya fi tsaya min a rai. Kusa da ƙarshe an ba shi da abokin aikinsa damar harbi ɗaya tak, sun kwanta sun saita mutum, yatsa na kan kunama, sai wani hafsa ya shigo ya ce a dakata, jirgi zai yi luguden wuta a wurin. Abokin nasa ya fashe da kuka yana roƙo a bar su su harba. Za ki ga yadda jira ya mai da yaro mai hankali wanda ke kuka don an hana shi kisa. Amma kada ki kalla da yara a kusa, akwai ashar da abubuwan da ba su dace ba sosai.

Nura Kawo: Jarhead ya yi, amma ɓangaren horonsa gajere ne. In horo ake magana, Full Metal Jacket na Stanley Kubrick, 1987. Kusan minti 45 na farko gaba ɗaya a sansanin kuratan sojan ruwan Amurka na Parris Island suke. Da aski ake buɗe fim ɗin, ana sauke gashin yara ɗaya bayan ɗaya, har ka daina bambance su. Wanda ya fito a matsayin mai horarwa, R. Lee Ermey, aikin da ya taɓa yi ke nan a soja, shi ya sa muryarsa ba ta yi kama da ta ɗan wasa ba. Sai ka ga yadda ake canza wa yaro suna, a hukunta ɗaki guda saboda laifin mutum ɗaya, har 'yan uwansa su juya masa baya su lakaɗa masa duka cikin dare.

Sadiya: Yaya Nura, ni ina ganin wannan bai kamata Anti ta fara da shi ba. Ka manta yadda rabin farkon ya ƙare a banɗaki? Ƙaninta yana can a daji, hankalinta a tashe yake, ka ce ta kalli kurtun da horo ya zautar?

Nura Kawo: Gaskiyarki, ban yi wannan tunanin ba. Anti, ki ajiye shi sai gaba.

Baba Saje: Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, yau dai zancen ya zo gidana. Shekara 22 na yi da kaki a jikina kafin in ajiye, na kuma je Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. 'Yata Maman Ilham, ƙaninki gaskiya ya gaya miki. Idan na tara duk lokacin da na yi ana harbina ina ramawa, ba zai cika kwana goma ba a cikin shekarun nan. Sauran duk gadi ne, da fareti, da wanki, da jira. A tashe ka ƙarfe uku na dare a ce maza a shirya za a tashi, ka ɗaure kaya ka hau layi, motar ba za ta zo ba sai la'asar. Wani lokacin ma washegari.

Na ga wannan fim na Kubrick da Nura ya faɗa. Ihun gaskiya ne, gwale-gwalen gaskiya ne, hukunta kowa saboda mutum ɗaya ma gaskiya ne. Abin da bai nuna ba shi ne dalili. Wanda ya horar da mu ya sa mun kwance bindiga mun harhaɗa ta sau ɗaruruwa, har da ido a rufe, mu kuwa muna tsine masa a zuci. Ranar da tawa ta cije cikin duhu ana ruwan sama, hannuna ne ya gyara ta, kaina bai san lokacin ba. Kuma wannan mutumin da ke zaginmu da rana, shi ne ya zagayo da fitila cikin dare yana duba ƙafafunmu, wanda takalmi ya ji wa ciwo ya tura shi wurin mai magani. Masu fim sun fi son ihun, don shi ke cika allo.

Auwal Fagge: Baba, Allah ya ƙara girma. To a cikin waɗanda ka gani wanne ne ya fi kusa da abin da ka sani?

Baba Saje: Kashin farko na Band of Brothers. Jikana ne ya sa min a waya. Sojan laima ne na Amurka, an fara ba su horo a 1942 a wani sansani da ake kira Toccoa, ba su dira fagen fama ba sai Yunin 1944 a Normandy ta Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ka ga kusan shekara biyu ke nan ana shiri. Akwai wani dutse, Currahee, mil uku hawa mil uku sauka, kullum suna kansa da gudu. Kyaftin ɗinsu ya sa aka dafa musu taliya suka ci suka ƙoshi, suna murna an ce yau hutu, sai ga umarni a hau dutse, yara na gudu suna amai. Wannan na san shi. Ƙin jinin mutum ɗaya ne ya haɗa kansu, kuma daga baya da yawansu sun yarda wahalar da ya ba su ta taimake su, ko da yake shi bai iya karanta taswira a fili ba har aka ɗauke shi daga kansu. Irin waɗannan hafsoshin akwai su, gwanaye a filin fareti, a daji kuwa sai addu'a.

Kabiru Injiniya: Na goyi bayan Baba. Kashi 10 ne, tashar talabijin ta HBO ta fitar a 2001, kuma a farkon mafi yawan kashin za ki ga tsofaffin sojojin na ainihi suna magana da bakinsu. Ki kai har kashin Bastogne, inda suke kwance cikin ramuka a dusar ƙanƙara ba rigar sanyi, ba isasshen magani, suna jiran igwa ta faɗo.

Ni nawa zaɓin shi ne Das Boot, fim ɗin Jamus na 1981, na Wolfgang Petersen. Jirgin yaƙi ne mai nutso a ƙarƙashin teku, U-96, mutum kusan 50 a cikin bututun ƙarfe. Ki nemi doguwar sigar ta 1997 mai kusan awa uku da rabi, don tsawon nan shi ne ma'anar fim ɗin. Makonni suna yawo a Tekun Atlantika ba su ga jirgin da za su harba ba. Gemu na tsirowa, burodi ya yi funfuna ana yanke gefen ana ci, mutum biyu gado ɗaya, wannan ya tashi wancan ya kwanta da ɗumin jikin ɗan uwansa. Hafsoshi na zaune a teburi ba mai abin da zai ce wa wani. Lokacin da jirgin abokan gaba ya zo samansu kuwa, abin da za su iya yi shi ne su yi tsit su saurara. Can ma jira ne, sai dai na jiran mutuwa. A farkon fim ɗin an rubuta cewa cikin mutum 40,000 da suka yi aiki a irin waɗannan jiragen, 30,000 ba su dawo ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Ina rubutawa duka. Baba, na gode, maganarka ta sanyaya min rai. Amma ina da tambaya: in ba a harbi, me ya sa zaman yake gajiyar da su haka? Ni da na ce gara zaman.

Baba Saje: 'Yata, zaman da kike tunani na hutu ne. Wannan zama ne da kunne a buɗe. Kina gadi awa huɗu kina kallon daji ɗaya, kin san dare ɗari ba abin da zai fito, kin kuma san a dare na ɗari da ɗaya zai iya fitowa, ba ki san wanne ba ne. Jiki ba ya aiki, zuciya ba ta hutawa. Barci guntu-guntu. Fuskoki ɗaya kullum, labarin kowa kin ji shi sau hamsin. Na ga aminai biyu sun ba hamata iska a kan cokali. A irin wannan zaman ne yara ke koyon taba da abin da ya fi taba, kuma a nan ne ƙaramin labari daga gida ke zama dutse a ƙirji, don mutum yana da awa ashirin da huɗu na juya shi.

Hajiya Binta: Wannan magana ta ƙarshe ta Baba ita ce na shigo in faɗa. Maigidana soja ne, shekararmu 16, rabinsu ba ya gida. Maman Ilham, duk ƙaramar rigimar gida da za ku iya kashewa da kanku, ku kashe ta kafin ya kira. Amma kada ku riƙa ce masa "lafiya lau" kawai ku yi shiru, wannan ma yana sa su zargi. Ki ba shi ƙananan labarai: akuyar Inna ta haihu, an gyara famfon unguwa, wane ya yi aure, kuɗin tumatir ya sauka. Maigidana ya ce min irin waɗannan yake tunawa a bakin gadi.

Fim kuwa, ki nemi '76 na Izu Ojukwu, na nan gida, ya fito 2016. Labarin yana kewaye da juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala a cikinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976, amma ni abin da na gani a ciki zaman bariki ne. A barikin Mokola na Ibadan aka ɗauke shi. Ɗakuna manne da juna, rediyon maƙwabta, mace da tsohon ciki tana jiran mijin da ba a gaya mata inda aka kai shi ba. Duk fina-finan da aka lissafa a sama jiran maza suke nunawa. Wannan ya leƙo namu.

Sadiya: Ba wanda ya ambaci na Indiya, alhali su muka tashi muna kallo. Anti, Lakshya na 2004, Hrithik Roshan. Yaro ne marar alƙibla ya shiga makarantar hafsoshin Indiya ta Dehradun, horo ya yi masa zafi ya gudu gida, kunya ta sa ya koma ya kammala, daga nan aka tura shi Kargil, inda Indiya ta gwabza da Pakistan a 1999. Rabin farkon ya nuna horo da natsuwa, kuma za ki iya kallo tare da Inna. In kina son horo mai tsanani, Prahaar na Nana Patekar, 1991.

Nura Kawo: Lakshya fim ne mai kyau, amma ya yi wa aikin kwalliya. Yaro ya shiga da shiririta ya fito gwarzo, ya kafa tuta a kan dutse. Ina wanda ya shiga lafiya ya fito ba ya iya barci?

Sadiya: Shi ma wanda ya shiga da shiririta ya fito mutum akwai shi, Yaya Nura. A layinmu akwai biyu.

Malam Issoufou Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Ina jin ku kuna ta Amurka da Jamus da Indiya, bari in jawo ku gida. Camp de Thiaroye, na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, 1988. Sojojin Afirka ne da Faransa ta ɗiba zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ake kira tirailleurs sénégalais ko da yake daga ƙasashe da yawa aka kwaso su. Da yawansu sun yi zaman fursuna a hannun Jamus. Aka dawo da su a 1944 aka ajiye a wani sansani kusa da Dakar kafin a sallame su. Fim ɗin kusan gaba ɗayansa jira ne: waya mai ƙaya ta kewaye su, abinci marar kyau, ana karɓe kakin da suka zo da shi, ana ta ja musu rai a kan haƙƙinsu. Suka nemi a biya su cikakken kuɗinsu. Ranar 1 ga Disamban 1944 aka buɗe musu wuta. Hukuma a lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa a wata wasiƙa cewa kisan kiyashi ne. Akwai wani soja a fim ɗin da zaman fursuna ya ɗauke wa magana, yana yawo da hular kwanon Jamus, shi kaɗai ya gane abin da ke tafe, ba wanda ya saurare shi. Kakan mahaifiyata yana cikin waɗanda aka ɗiba a wancan zamanin, shi ya sa ba na iya kallonsa a zama ɗaya.

Baba Saje: Malam Issoufou, Allah ya jiƙan mazan jiya. Namu na wannan ɓangaren Burma aka kai su, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin, har Turawan hafsoshi sai sun koya. Da aka gama yaƙi a 1945 da yawansu sai 1946 suka samu jirgin dawowa. Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu da ake ce wa ɗan Boma, labarinsa bai wuce ruwan sama da sauro da jiran jirgi ba.

Kabiru Injiniya: A kan wannan akwai shirin gaskiya na Al Jazeera, Burma Boy, na Barnaby Phillips, 2011. Labarin Isaac Fadoyebo ne, ɗan Najeriya da aka harba a Burma, wasu mutanen ƙauye suka ɓoye shi watanni yana kwance ba ya iya tafiya.

Tunda an shigo shirin gaskiya, Anti, wanda ya fi kama da halin da ƙaninki ke ciki shi ne Restrepo, 2010. Ba 'yan wasa a ciki. 'Yan jarida biyu, Sebastian Junger da Tim Hetherington, suka zauna da wata ƙaramar rundunar Amurka a kwarin Korengal na Afghanistan. Wata 15 aka tura yaran. Suka haƙa sansani a kan tudu da diga da shebur, suka sa masa sunan mai ba su magani da aka kashe. Za ki ga suna cika buhunan ƙasa, suna ƙona bahaya a ganga, suna kokawa da juna don rage lokaci, wani na kaɗa jita, sai harbi ya ɓarke, sai kuma a koma shiru. Shi Hetherington an kashe shi a Misrata ta Libya a 2011.

Malam Issoufou Damagaram: Na ga Restrepo. Abin da na riƙe a ciki zancen saniya ne. Saniyar mutanen ƙauye ta maƙale a wayar sansanin, sojojin suka kashe ta suka ci, dattawa suka hau tudu suna neman kuɗinta, aka ce sai dai a ba su shinkafa da wake da sukari daidai nauyinta. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya san abin da saniya take a wurin talaka. Mu riƙa lura da wannan in muna kallon fina-finan nan: kyamara tana tare da sojan da ya gundura, ba ta bin dattijon da ya sauka daga tudu hannu rabbana. Kuma a 2010 Amurka ta janye daga kwarin gaba ɗaya.

Auwal Fagge: Wannan gaskiya ne Malam. Generation Kill ya ɗan taɓo hakan, kashi 7 ne, na 2008, a kan mamayar Iraƙi ta 2003. Yawancinsa hira ce a cikin mota, da ƙarancin batir da man goge bindiga, da wani babba da ya dame su a kan tsawon gashin baki ana tsakiyar yaƙi. Amma yana nuna abin da ke faruwa da fararen hula a shingen bincike in yaran da ba su yi barci ba suka tsorata. Yana da nauyi, kuma bakinsu ba linzami.

Maman Ilham: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda na tsara: Lakshya ni da Inna a daren Juma'a, kashin farko na Band of Brothers da Restrepo ni kaɗai, sai '76 saboda Hajiya. Na Kubrick na ajiye shi. Baba, in za a samu mai zuwa wajensu, me ya kamata in aika masa?

Baba Saje: Safa masu kauri, ƙafa shida ko fiye, da hodar ƙafa. Ƙaramar rediyo mai batir. Yaji da ƙuli-ƙuli da dambun nama, don abincin taro ba ya da ɗanɗano, kuma abin da zai raba wa 'yan uwansa yana ƙara masa daraja a cikinsu. Ƙaramin Alƙur'ani in bai tafi da shi ba. Ludo ko kati. Ki sa littafin rubutu da biro biyu a ciki, ko bai tambaya ba. In ya kira kada ki tambaye shi inda suke ko yaushe za su tashi, ba a faɗin wannan a waya, kuma zai ji nauyin ƙin amsa miki.

Hajiya Binta: Ki sa Inna ta yi masa saƙon murya, ki tura lokacin da kika ga ya hau. Suna ajiyewa su riƙa saurara in ba sabis.

Maman Ilham: To Hajiya, yau da daddare in sha Allahu. Baba, safar wace kala ake yarda su sa?

Baba Saje: Baƙa ko koriya mai duhu. Kada ki sayi fara.